Ba Jiya Mata Suka Fara Hidimar Ilimi Ba

An daɗe ana cewa sai kwanan nan mata suka shiga koyarwa da aikin laburare. Masu faɗin haka suna da uzuri, domin ba a cika ambaton sunayen matan ba.

Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta horar da malamai mata, ana kiran kowacce jaji, suna bin ƙauyuka suna karantar da 'yan'uwansu. A Amurka kuwa, da aka buɗe makarantar farko ta koyon aikin laburare a 1887, cikin ɗalibai 20, mata ne 17.

In kun ji irin wannan magana, ku nemi shekarar da abin ya faru, ku gwada littattafan tarihi biyu ko uku, ko ku tambayi ma'aikacin laburare. Don Allah ku tura wa wasu wannan bayani.