Waiwaye: Yadda aka gano makunnin da ke juya akalar bakteriya

Tun a 1676 Antonie van Leeuwenhoek ya leƙa ɗigon ruwa da madubinsa na ƙara girman abu, ya ga ƙananan halittu suna ta kai-komo. Sai dai ganin motsi daban, sanin abin da ke jan akalarsa daban. An kwashe fiye da shekara 200 kafin Wilhelm Pfeffer, a Jamus, ya tsoma siririn bututun gilashi mai ɗauke da abinci cikin ruwa, ya ga bakteriya sun yi dafifi a bakinsa. Ashe ba yawon banza suke yi ba.

Batun ya yi kwantai har shekarun 1960, lokacin da Julius Adler na Jami'ar Wisconsin a Amurka ya farfaɗo da shi ta hanyar ƙwayar E. coli. A 1969 ya nuna cewa ƙwayar tana sansano sinadari ko da ba ta iya cin sa. A 1972 Howard Berg da Douglas Brown suka bi sawun ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya: sai ƙwaya ta miƙe kamar na daƙiƙa guda, ta wuntsila cikin ƙiftawar ido, ta ɗauki wata hanya. In ta doshi abinci, sai ta tsawaita miƙewar.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na Michael Silverman da Melvin Simon a 1974. Ƙwayar na da siraran jeloli da take iyo da su; sun liƙa jela ɗaya a jikin gilashi, sai ga gangar jikinta tana juyi kamar farfela. Nan aka tabbatar ba kaɗa jela take yi ba, inji ne a gindin jelar yake juya ta. Idan injinan suka juya saɓanin hannun agogo, jelolin kan tufke su zama igiya ɗaya, ƙwaya ta miƙe. Suna komawa ɗaya gefen igiyar ta warware, ta wuntsila.

To wa ke taɓa makunnin? A 1988 ɗakin binciken Simon ya nuna cewa furotin CheA na ɗaukar ɗan guntun sinadari mai suna fosfet daga ATP, ma'ajin kuzarin ƙwaya, ya miƙa wa wani furotin, CheY. Shi kuma CheY, da ya karɓa, sai ya je ya manne wa FliM, ɗaya daga cikin furotin uku, da FliG da FliN, da suka yi zobe a gindin injin. Mannewarsa ce ke sauya juyin. Abinci na ƙaruwa, masu sansano, wato furotin da ke jin ƙanshin abinci a jikin ƙwaya, su rage wa CheA zafi, wuntsilawa ta ragu.

A ganina, inda hikimar take shi ne wajen masu kashe saƙon. CheZ na bin CheY yana cire masa fosfet, don kada tsohon labari ya ci gaba da juya injin. CheR na ɗora wa masu sansano wani ɗan guntun sinadari mai suna metil, CheB na cirewa, kuma da yake aikinsu na tafiya a hankali, ƙwayar kan iya gwada abin da take ji yanzu da na 'yan daƙiƙoƙin baya. Ƙwayar da aka raba da CheR da CheB, ko ta ji ƙanshi ba ta iya bin sa yadda ya kamata.

Wannan tsari bai tsaya ga masu jela ba. Myxococcus xanthus, wata bakteriya mai rarrafe a cikin ƙasa, makunninta furotin MglA ne: yana kunne in yana riƙe da sinadarin GTP, kuma gefen da ya taru shi ne gaba. A 2010 aka gano cewa wani furotin, MglB, na zaune a ɗaya gefen yana kashe shi. Idan lokacin juyawa ya yi, sai su biyun su yi musayar wuri, ƙwayar ta koma da baya ba tare da ta juya jikinta ba.