Maginin ajin taimakon rumbun bayanai

Ajin taimakon rumbun bayanai sashe ne na manhaja da aka ɗora wa buɗe rumbu, kafa teburori da sabunta su, don kada kowane shafi ya riƙa yin aikin da kansa. A Android ana gina shi ta hanyar gadon wani aji mai suna SQLiteOpenHelper, wanda ke aiki da SQLite, manhajar rumbun bayanai da D. Richard Hipp ya fara rubutawa a 2000. Tunda SQLite yana ajiye komai a cikin wayar ba tare da intanet ba, ya dace da manhajar lissafin kaya ta mai kemis ko mai shago a kasuwar Wunti ta Bauchi. Magini kuwa shi ne umarnin da ke gudana a lokacin da aka ƙirƙiri abu daga aji, kuma yawancin kurakuran masu koyo a nan suke ɓuya.

Maginin SQLiteOpenHelper yana karɓar abubuwa 4: Context (bayanin muhallin da manhajar ke gudana a ciki), sunan fayil, CursorFactory wanda akan bar shi null (wato babu komai), da lambar siga (lambar da ke nuna tsarin rumbu na nawa ne). Ajin uwa, wato SQLiteOpenHelper, ba shi da magini marar komai, saboda haka dole a kira super, wato maginin uwar, a miƙa masa su, in ba haka ba shirin ba zai haɗu ba. Siga ba ta gaza 1. Idan aka sa null a gurbin suna, rumbun zai zauna a ƙwaƙwalwar wucin gadi kawai, da an rufe shi duk cinikin ranar ya tafi. A Java, sa void gaban sunan magini yana mayar da shi aiki na gama-gari da babu mai kiransa.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne magini ba ya buɗe rumbu. Sai an kira getWritableDatabase ko getReadableDatabase. Wanda ya kira su a saman Activity (ajin shafi guda na manhaja), kafin onCreate, umarnin da ke gudana idan an buɗe shafin, zai gamu da kuskuren NullPointerException, don Context bai kammalu ba tukuna. Gyaran ɗan ƙarami ne: a sauko da kiran cikin onCreate. Haka nan, wanda ya ƙara ginshiƙi a tebur bai ɗaga siga daga 1 zuwa 2 ba, onUpgrade, umarnin da ke sabunta teburori, ba zai motsa ba, wayar za ta ci gaba da tsohon tsari.

Gina mataimaki sabo a kowane shafi ma kan jawo kullewar rumbu idan biyu suka yi rubutu lokaci guda. Mafi aminci a gina guda ɗaya tak da getApplicationContext, wanda ke ba da Context na manhajar gaba ɗaya, kowa ya ɗauka daga can. Riƙe Context na Activity yana hana wayar share shafin da aka rufe, ƙaramar waya kuwa ba ta da ƙwaƙwalwar ɓarnatarwa.

Ga mai rubuta irin wannan aji a harshen PHP kuwa, sunan magini __construct ne, da layin ƙasa biyu. Tsohon salon ba shi sunan aji ya daina aiki a PHP 8.0 na 2020, kuma rubuta $conn maimakon $this->conn yana sa haɗin ya ɓace da zarar maginin ya gama.