Masallacin Ƙudus: wa ke da ciki, wa ke da ƙofa?

Duk sanda rikici ya tashi a Masallacin Al-Aƙsa, za ka ji Jordan na cewa an karya tsarin "a bar komai yadda aka same shi". Ba wata majalisa ce ta zauna ta rubuta wannan tsari ba. Fahimtar juna ce da ta kafu bayan yaƙin Yunin 1967, lokacin da Isra'ila ta kame gabashin Ƙudus, ministan tsaronta Moshe Dayan ya bar gudanar da harabar masallacin a hannun Hukumar Waƙafi ta Musulmi.

A wurin Musulmi, masallacin ba ginin nan mai ƙubba ruwan toka kaɗai ba ne. Harabar ce dukanta, murabba'in mita kusan 144,000, har da Ƙubbatus Sakhra mai ruwan zinare wadda Halifa Abdulmalik bn Marwan ya gina wajen shekarar 691. Nan ce alƙiblar farko, nan aka kai Annabi (SAW) daren Isra'i. Yahudawa kuwa suna ɗaukar tudun da harabar take kai a matsayin mazaunin tsohon haikalinsu.

Rabon aikin haka yake. Waƙafi, wadda Jordan ke biyan ma'aikatanta, ita ke da limamai, ladanai, masu gadin ciki da gyare-gyare. 'Yan sandan Isra'ila su ke tsaye a ƙofofi. Musulmi su yi salla. Wanda ba Musulmi ba ziyara kawai zai yi, ban da ibada. Shigarsa ta ƙofa ɗaya ce, Babul Magariba, daga Lahadi zuwa Alhamis, da safe da kuma ɗan lokaci bayan azahar.

Abin da ke rubuce bai taka kara ya karya ba. Sashe na 9 na yarjejeniyar sulhun Jordan da Isra'ila ta 1994 ya ce Isra'ila na mutunta rawar musamman da masarautar ke takawa a wuraren ibadar Musulmi na Ƙudus. Bai faɗi wa ke riƙe da mabuɗi ba, bai kuma tanadi hukunci ga wanda ya saɓa ba. A 2013 Sarki Abdullah na Biyu na Jordan da shugaban Falasɗinawa Mahmoud Abbas suka sa hannu kan takardar da ta jaddada riƙon amanar Jordan, amma Isra'ila ba ta cikinta.

A ƙofa gizo ke saƙa. Mabuɗin Babul Magariba yana hannun Isra'ila tun 1967. Duk da haka, kafin 2000 Waƙafi ce ke sayar wa baƙi waɗanda ba Musulmi ba tikitin shiga gine-ginen. Bayan da Ariel Sharon, jagoran 'yan adawar Isra'ila a lokacin, ya shiga harabar a watan Satumbar 2000 aka rufe wa baƙi, sai a 2003 Isra'ila ta sake buɗewa gaban kanta, ba da yawun Waƙafi ba. Tun daga nan ɗan sanda ke yanke wa zai shiga, su nawa. Kotun ƙolin Isra'ila ma ta ce Yahudawa na da 'yancin addu'a a wurin, sai dai 'yan sanda na iya hanawa saboda tsaro. Wato hanin ya dogara ga wanda ke ba 'yan sanda umarni, kuma a Agustan 2025 ministan da ke kula da su, Itamar Ben-Gvir, ya yi addu'a a harabar a bainar jama'a.

A Yulin 2017, bayan kashe 'yan sandan Isra'ila biyu a bakin harabar, Isra'ila ta kafa na'urorin binciken ƙarfe a ƙofofi. Masallata suka ƙi bi ta cikinsu, suka shimfiɗa dardumansu a kan titi wajen Babul Asbaɗ, kusan mako biyu, har aka kwashe na'urorin.