Yadda ake rarraba antidisestablishmentarianism gaɓa-gaɓa

Mece ce ma'anarta, kuma ina ta samo asali?

Kalmar ta Turanci ce, tana da haruffa 28, kuma daga siyasar Birtaniya ta ƙarni na 19 ta fito. A lokacin wasu sun nemi a raba Cocin Ingila da gwamnati, wasu suka ce ba za ta saɓu ba. Aƙidar waɗannan masu adawa da rabuwar ce kalmar ke nufi.

Ta ina ake soma warware ta?

Ta tsakiya. Saiwarta ita ce establish, wato kafawa. Aka liƙa mata ɗafa-goshi dis, ma'ana ta koma rushe abin da aka kafa. Ɗafa-ƙeya ment ya mayar da aikatau suna. Arian ya ba da mai riƙe da ra'ayi, anti ya kawo adawa, ism kuma ya mai da komai aƙida. Mai koyo da ya gane waɗannan guntaye shida ba ya bukatar hadda, kuma zai sake cin karo da su a ɗaruruwan kalmomi. Shi ya sa nake ganin malamin da ke sa yara su haddace haruffan ɗaya bayan ɗaya wahalar da su kawai yake yi.

Gaɓoɓi nawa ne?

Goma sha biyu: an-ti-dis-es-tab-lish-men-tar-i-an-is-m. Ta ƙarshe takan rikita mutane, domin a rubuce babu wasali, amma a baki akwai ɗan gajeren wasali kafin m, kuma s ɗin kamar z ake furta ta.

A wace gaɓa ake danna murya?

A ta takwas, tar. A establish kaɗai, tab ce ke da ƙarfi, amma arian yakan janyo ƙarfin zuwa kansa, kamar a vegetarian da humanitarian. Tab da an ta farko sai su rage da ƙaramin ƙarfi.

Me ya sa Bahaushe ke shan wuya a nan?

Hausa harshe ne na karin sauti, kowace gaɓa tana fita cikakkiya da sautinta na sama, na ƙasa ko mai faɗuwa. Turanci kuwa yana ɗaga gaɓa ɗaya, ya tauye wasulan wasu. Ga kuma al'adarmu ta sa wasali tsakanin baƙaƙe, yadda bread ta zama burodi. Ɗalibin da zai zauna jarrabawar furuci ta WAEC ya fi bukatar horar da kunnensa kan wannan ɗagawa da tauyewa, don ana tambaya kan gaɓar da ke ɗauke da ƙarfi.