Ambaliya: Ruwan da Ke Zuwa Ko Ba a Ga Hadari Ba

Da zarar Agusta ya raba tsakiya, kalmar ambaliya takan cika rediyo da wayoyin mutane. Kwata ta toshe a wata unguwa ruwa ya shiga shaguna, a ce ambaliya. Madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024 ruwa ya shanye babban ɓangaren Maiduguri, a ce ambaliya. Kogi ya hau gonakin shinkafa a Auyo, nan ma ambaliya. Sunan ɗaya ne, amma wanda ya tashi a bakin kogi ya san waɗannan ruwaye ba uwa ɗaya ta haife su ba, kuma maganin wannan ba ya yi wa wancan.

A asalin ma'anarta, ambaliya ita ce ruwa ya fi ƙarfin mazauninsa, ya tsallake gaɓa ya bazu a kan ƙasa. Bahaushe bai yi wa abin kuɗin goro ba, mataki-mataki ya ba shi suna. Da farko a ce kogi ya kawo, wato ruwan sabuwar damina ya iso, ja jawur da laka, yana tafe da kara da kumfa. Sai a ce ya cika. In ya kai baki har ba sauran wuri, ya batse ko ya tumbatsa. Daga nan ne ake cewa ya yi ambaliya, ruwa ya malala cikin fadama. In ya wuce fadamar ya taɓa gidaje, magana ta canza, sai ka ji an ce ruwa ya ci gari. Daga wannan hoton ne aka ari kalmar ana cewa ambaliyar jama'a a wurin taro, ko tumatir ya yi ambaliya a kasuwa.

Akwai wadda ruwan sama ke haddasawa nan take. A yi ruwa kamar da bakin ƙwarya na wasu sa'o'i, ƙasa ta kasa sha, magudanai su kasa ɗauka, ruwa ya nemi hanyarsa ta cikin gidajen mutane. Irin wannan ce ta auka wa Mokwa a jihar Neja a ƙarshen Mayun 2025, ta kashe mutum fiye da 150. Tana zuwa da gudu, tana wucewa da gudu.

Wadda ta fi damun manomi ita ce ta kogi, kuma halinta daban ne. Ita ba ta gaggawa. Na taɓa kwana a ƙauyen kawuna da ke kwarin Haɗeja a wani Satumba. Kwana huɗu ko yayyafi ba a yi ba, rana tana dukan mutum kamar bazara, amma kullum da asuba sai ya tafi bakin ruwa ya duba wata sanda da ya kafa, wadda ya yi wa tsaga-tsaga da wuƙa. Kowace safiya ruwa ya haɗiye tsaga ɗaya, wani lokaci biyu. Na ce, "Kawu, wannan ruwa daga ina, ga sama tas ko gajimare babu?" Ya ce, "Ɗana, ai wannan na Kano ne, yau ya iso. Na gobe yana hanya." Ana cewa ruwan da ya dake ka shi ne ruwa, to a kwarin nan wanda bai dake ka ba shi ke cinye maka gona.

Gaskiyar kawu ce. Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Haɗeja, ya ratsa ta Ringim, Taura, Miga, Auyo, ya kai Haɗeja, ya bazu a dausayin da ke tsakanin Haɗeja da Nguru. Can wajen Gashuwa ruwansa ke gamuwa da na Kogin Jama'are, wanda ya gangaro daga tsaunukan Jos, su zama Kogin Yobe mai zubawa a Tafkin Chadi. Duk ruwan da aka yi a kudancin Kano lokacin marka, ta nan zai bi. Ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya ce, gangarenta kaɗan ne, don haka ruwan da ya iso ba ya saurin wucewa. Ya kan zauna makonni.

Mutanen Yamai sun fi kowa sanin wannan, domin Kogin Kwara sau biyu yake cika musu. Akwai cikar Agusta da Satumba, mai jan ruwa, wadda koramu irin su Sirba ke kawowa daga ɓangaren Burkina Faso. Sannan akwai ta biyu a tsakiyar hunturu, wajen Disamba zuwa Janairu, lokacin da ruwan da aka yi a tsaunukan Gini tun damina ya gama ratsa Mali ya iso. Mutum na sanye da rigar sanyi yana kallon kogi yana hawa.

Sai kuma maganar da ke rakiyar ambaliya a duk shekara: "an saki dam." Akwai gaskiya a cikinta. Madatsar Lagdo da ke kan Kogin Binuwai a arewacin Kamaru, wadda aka gama a 1982, ta saki ruwa a 2012 da 2022, kuma shekarun nan biyu suna cikin mafiya muni a tarihin Najeriya na kusa. A 2012 mutum 363 suka rasu, sama da miliyan 2 suka bar gidajensu. A 2022 mamatan sun haura 600. Madatsar Dasin Hausa da aka ce za a gina a Adamawa don ta tare ruwan Lagdo har yau ba ta tabbata ba. Amma a ganina mun mayar da sakin dam wata amsa mai sauƙi da ke hana mu tambayar sauran dalilai. Madatsa tukunya ce, in ta cika dole ta zubar, ko a buɗe mata ƙofa ko ruwan ya bi ta mazubar da aka gina mata don kada ta fashe. Abin tambaya shi ne ko an rage ruwan tun kafin marka, da kuma ko an sanar da na ƙasa a kan lokaci. Kogin Jama'are ma ba shi da babbar madatsa, tunda aikin Kafin Zaki bai kammalu ba, amma hakan bai hana shi cin gonaki a Zaki da Gamawa ba.

Abin da matasa da yawa ba su sani ba shi ne a kwarin Haɗeja an daɗe ana jiran ambaliya kamar yadda ake jiran baƙon arziki. Ita ke shimfiɗa sabuwar laka a fadama, takin da ba a saya. Ita ke kai kifi cikin tafkuna ya hayayyafa. In ta janye, manomi ya bi sawunta yana shuka wake a danshin da ta bari, makiyayi ya sami ɗanyar ciyawa har cikin rani, rijiyoyi su cika. A ƙasar firki ta Borno da arewacin Kamaru, dawar masakwa gaba ɗaya a kan wannan danshin take rayuwa, ana dasa ta bayan ruwa ya ja baya. Shekarar da kogi bai fita ba ita ce shekarar kuka.

Me ya sauya? An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Sun ba Kano ruwan sha, ta Tiga kuma ta raya noman rani a Kadawa da Kura, wannan ba a musu. Sai dai sun canza numfashin kogin. Da can yakan cika da ƙarfi da damina ya wanke hanyarsa, da rani ya ƙafe ƙaf har a taka yashinsa da ƙafa. Yanzu ruwa na bin sa a hankali duk shekara. Wannan ya yi wa ciyawar kacalla daɗi, ita da ba ta son komai sai ruwa mara zurfi da ba ya ƙafewa. Ta cika hanyoyin ruwa, tsawonta ya fi mutum, ta tare yashi da laka, cikin kogi ya cike ya taso. Ruwa ya karkata ya fi bin hanyar Marma zuwa Nguru, can gonaki suna nutsewa, wasu rassan kuma suna bushewa. Ga tsuntsayen jan-baki da suka sami gidan kwana a cikinta, su fito da safe su sauka a kan shinkafa. Kogin da cikinsa ya cike ba ya buƙatar wani gagarumin ruwa kafin ya tsallake gaɓa.

A gona, lissafin ambaliya na kwanaki ne. Gero ɗan tudu ne, in ruwa ya kwanta a gindinsa kwana kaɗan sai ya yi rawaya, saiwar ta ruɓe. Masara ma haka. Shinkafa tana son ruwa a ƙafarta, amma in ya rufe ta ruf har kai, da wuya ta wuce mako guda. Shi ya sa iri irin FARO 66 da FARO 67 da aka fitar a 2017 suke da daraja a fadama, don suna iya jure nutsewa har wajen mako biyu su farfaɗo. Mafi ciwo kuma shi ne lokacin da ruwan ke zuwa: Satumba, bayan an gama zuba taki, an biya 'yan noma, bashi ya hau wuya, shinkafa ta fara fitar da kai. Na ga magidanci a cikin kwale-kwale yana sunkuyawa da lauje yana yanko kan shinkafar da ta leƙo saman ruwa, rabinta ba ta nuna ba, yana zubawa a ƙasan jirgin.

Gida kuwa ta ƙasa ake cin sa. Ginin laka ba ya faɗuwa ranar da ruwa ya zo. Gindin katanga ne ke sha a hankali, ya yi laushi, bayan kwana biyu ko uku cikin dare ka ji rugum. Rumbu ma haka yake zubewa da abincin shekara a cikinsa. Bayan nan sai rijiya ta haɗu da masai, amai da gudawa su biyo, sauro ya yi yawa.

Hukumomi suna nasu hasashen. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet na fitar da na damina a farkon shekara, hukumar sa ido kan ruwan koguna ta NIHSA na fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, hukumar agajin gaggawa ta NEMA na cewa a koma kan tudu. Sanarwar tana da amfani, sai dai kalmar ambaliya kaɗai ba ta gaya wa mutumin Guri ko Kirikasamma abin da yake son ji: wane ruwa ne, daga ina, yaushe zai iso, kuma zai kai ina? Ballantana a ce masa ya koma tudu alhali tudun gonar wani ce.

Shi ya sa har yanzu garuruwan kwarin suka fi dogara da jinga, wato ganuwar ƙasa da ake tadawa tsakanin gari da ruwa. In kogi ya batse, ba mai barci. Samari na cika buhunan taki da yashi, ana miƙawa hannu da hannu, dattawa na zagayawa da tocila suna neman inda ruwa ya fara tsattsafowa ta ramin ɓera ko na gara. Da an ga wuri ya jiƙe sai a kwala kira, kowa ya ruga can da buhunsa. A daren da na kwana tare da su jingar ta riƙe. Da gari ya waye muka ji cewa ta garin da ke ƙetaren kogi ce ta ɓalle, kuma shi ya sa ruwan ya sauka da tsaga biyu a sandar kawu.