Waiwaye: Yadda ƙwayar bitamin ta ba masana kunya a yaƙi da ciwon daji

Daga ɗakin gwaji maganar cewa bitamin na iya kare mutum daga ciwon daji ta taso. Tun a 1933 aka tace sinadarin benzopayirin daga kwalta a Landan, kuma shi ne dai ke cikin hayaƙin taba. Da ya shiga jiki, sai jikin da kansa ya juya shi zuwa wani abu mai liƙe wa DNA, ya gurɓata rubutun gado. In ƙwayar halitta ta tashi rabuwa ba a gyara ba, sai ta kwafi kuskuren, a nan daji ke samun gindin zama. A 1972 Sidney Mirvish ya nuna cewa bitamin C na hana nitirait, wani sinadari da ake samu a wasu abinci, rikiɗewa ya koma nitrosamin, wani mugun mai haddasa daji. Daga baya aka gano cewa ƙarancin folat, wani nau'in bitamin B, na sa zaren DNA ya riƙa tsinkewa.

Sai fata ya yi yawa. A 1981 Richard Peto da Richard Doll suka ja hankali cewa masu yawan cin abinci mai beta-karotin, sinadarin nan da ke ba karas launinsa, ba su cika kamuwa da daji ba. Me zai hana a dunƙula shi a ƙwaya?

Aka dunƙula. A Finland an gwada a kan maza mashaya taba sama da 29,000. Da sakamako ya fito a 1994, sai ga dajin huhu ya ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a wajen masu shan beta-karotin. Gwajin CARET na Amurka, mai mutum 18,314, tilas aka tsayar da shi a 1996 saboda ƙarin ya kai kashi 28. Bitamin E ma ya bi sahu: a 2011 gwajin SELECT ya nuna dajin furostet, wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, ya ƙaru da kashi 17. A ganina kuskuren a fili yake, an ga mai cin ganye da lafiya, aka jingina lafiyar ga sinadari ɗaya tilo.

Gwajin da aka yi a gundumar Linxian ta ƙasar Sin ne ya fita daban. Manoma ne da abincinsu bai wadata ba, kuma haɗin beta-karotin da bitamin E da seleniyam ya rage musu mace-macen dajin ciki da kashi 21, kamar yadda aka bayyana a 1993. Can giɓi aka cike, ba ƙari aka yi wa ƙosasshe ba.

A 2022 kwamitin ba da shawara kan rigakafi na Amurka ya ce kada a sha beta-karotin ko bitamin E da niyyar kauce wa daji.