Kwanika da Yayen Rana Ɗaya Ke Cika Mana Ɗakin Tamowa a Nijar

Duk ma'aikacin lafiyar da ya zauna a ɗakin tamowa a jihar Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ya san wannan yaro tun kafin a kwance goyo. Watansa goma sha ɗaya, ko sha huɗu. Gashi ya yi ja ya kwanta, fatar cinya ta saki, ƙafafu sun kumbura, ko kukan kirki ba ya iyawa. Uwar kuma ga ta a bakin gado, zane ya ɗage ta gaba, ciki wata biyar ko shida, idonta fari fat don ƙarancin jini. A tambaye ta yaushe aka cire shi daga nono, sai ta ce tun ranar da ta gane tana da ciki. An shafa wa nonon abu mai ɗaci, an ɗauke yaron an kai wa kaka a wani ƙauye, shi ke nan. Yaron da jiya yake kama nono sau takwas ko goma, yau an ajiye masa fura tsararo a kwano an ce ya sha. Daga Yuni zuwa Oktoba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sauro kuma ya yi yawa, irinsu ne ke cika mana gadaje.

Kwanika, wato ɗaukar ciki tun ana shayarwa, ita ce ta kawo su, yayen rana ɗaya ya ƙarasa su. Dukansu biyu kuwa ana iya tare su, kuma hanyar tana nan a asibitin da ke kusa da ku.

Matsalar ta wuce gida ɗaya. A ƙidayar 1977 mutanen Nijar miliyan 5 ne da ɗoriya. A 1988 suka kai miliyan 7.2, a 2001 miliyan 11, a 2012 miliyan 17.1. Tsakanin ƙidayar 2001 da ta 2012 jama'a na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin 100 kowace shekara, wato duk shekara 18 ko kusa da haka sai yawanmu ya ninka. Yau mun haura miliyan 25. Kusan rabinmu yara ne da ba su kai shekara 15 ba, sama da mutum 8 cikin 10 a karkara suke, kuma mafi yawa mun taru ne a ɗan zirin kudu da ake iya nomawa, don kashi biyu cikin uku na ƙasar hamada ce. Jihohin Damagaram, Maraɗi da Tawa kowacce ta haura mutum miliyan 3 tun a 2012. A binciken lafiya na 2012, mace a Nijar na haihuwar yara 7.6 a matsakaici, a Maraɗi da Damagaram ya wuce 8, a Yamai wajen 5. Binciken 2021 ya nuna ya sauko zuwa 6.2.

Akwai lamba ɗaya da nake so kakanni su riƙe. A 1992, cikin yara 1,000 da aka haifa, 318 ba sa ganin shekara biyar. A 2012 ya dawo 127. Rigakafi, gidan sauro, maganin zazzaɓi da kula da yara kyauta sun yi aiki, alhamdulillahi. Inna, a zamaninku mace kan haifi goma ta binne uku ko huɗu, shi ya sa ake ganin gaggawar sake ɗaukar ciki. Yanzu yaran suna rayuwa. Abin da ya rage shi ne su rayu da ƙarfinsu, don har yau sama da 4 cikin 10 na yaran ƙasar nan 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, kuma tsumburewar da ta kama yaro kafin ya cika shekara biyu da wuya ta gyaru daga baya. Tana binsa makaranta, tana binsa gona. Yara kuwa su ne kusan rabin ƙasar.

Ba mu ce kada a haihu ba. Ba mu ƙayyade wa kowa adadi ba, ɗa kyautar Allah ne. Tazara muke roƙo: wata 24 cur daga haihuwa kafin a ɗauki wani ciki, ta yadda tsakanin yaro da ƙaninsa zai kusa shekara uku. Wadda ta yi ɓari ta huta wata shida. Manomin da ke mana gardama a kan wannan, shi da kansa ba ya shuka hatsi rami kan rami, sai ya bar taku guda tsakani. Addini ma bai bar mu cikin duhu ba: aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambaci shayarwa shekara biyu cikakku ga wanda ke son cika shayarwa. A da, al'ada ce ke tsare wannan tazara, mace ta je gida wankan jego ta daɗe, maigida ya ƙaurace mata har a yi yaye. Yau ana gama arba'in an koma ɗaki. An bar tsohuwar hanya, ba a kama sabuwa ba, sai a ce wai Allah ne ya kawo. Allah ne ya kawo, gaskiya ne, kuma Shi ne ya hore magani.

Abin da ya fi yaudarar mata shi ne maganar nan ta "ai ina shayarwa, ban ga al'ada ba." Shayarwa tana hana ciki ne in an cika sharaɗi uku a lokaci guda: jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, kariyar ta faɗi. To wa ke ba da nono zalla? A binciken 2012 ko jariri ɗaya cikin huɗu bai samu ba. Ana ba shi ruwa don zafi, ana ɗura masa jiƙo, ana ba shi rubutu, wata uku an fara kunu. Duk cokalin ruwan da ya sha yana rage tsotso. Sannan ƙwai kan sauka kafin jinin farko ya bayyana, don haka mace na iya ɗaukar ciki ba ta ga al'ada ko sau ɗaya ba. Kullum muna jin "wallahi ban ga komai ba, sai motsi na ji."

Saboda haka kada a jira jini. Ranar da aka kawo jariri allurar rigakafin sati shida, wadda ta zo daidai da fita arba'in, ranar ce ta uwa ita ma. Ki ce wa ungozoma kina son hutu. Tun 2006 gwamnati ta ayyana kayan tazarar haihuwa kyauta a asibitocinta, tare da awon ciki da kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

Allura tana aiki wata uku. Mai shayarwa za ta iya farawa daga sati shida, ba ta rage nono. Akwai ta cikin tsoka, akwai ƙarama ta ƙarƙashin fata mai suna Sayana Press. Inda ake faɗuwa shi ne ranar komawa: a rubuta a kati, kati ya ɓata, damina ta zo, a ce sai an gama noma. In kin makara da ƙasa da sati huɗu, zo a yi miki kawai. In ya wuce haka sai an tabbatar babu ciki. Ki kuma sani bayan barin allura ciki kan yi jinkiri, wata da watanni, wani lokaci har kusan shekara. Jinkiri ne, ba ta kashe mahaifa.

Ashanar hannu ana sa ta a ƙarƙashin fatar damtse. Implanon tsinke ɗaya ne, shekara uku. Jadelle tsinke biyu, shekara biyar. Ana iya sawa tun kafin a sallame ki daga ɗakin haihuwa, kuma duk ranar da aka cire, ciki na iya shiga ba jinkiri. Kina iya taɓa ta da yatsa, in kin daina jin ta ki zo a duba. Mai shan maganin tarin fuka, ko na farfaɗiya, ko na ƙanjamau, ta faɗa tun farko, don wasunsu na rage ƙarfinta.

Robar mahaifa ana sa ta cikin awa 48 da haihuwa, in an wuce sai bayan sati huɗu. Tana kai shekara goma, babu sinadarin da ke shiga jini. Ƙwaya kuma iri biyu ce. Ta masu shayarwa dabam take, ana shanta kullum a lokaci ɗaya, ki ɗaura ta da wata salla, in kin makara da fiye da awa uku kariyar ta yi rauni. Ɗaya irin ba a so mai shayarwa ta sha kafin jariri ya kai wata shida, don tana iya rage nono. Wannan ne ya sa muke faɗa da sayen ƙwaya a tiren mai talla a kasuwa. Rana ta dafa ta, bai san wacce ce ba, ke ma ba ki sani ba.

Jini zai iya rikicewa a watannin farko na allura ko ashana: ɗigo-ɗigo, ko ya daɗe, ko ya ɗauke gaba ɗaya. Ba taruwa yake yi a ciki ba. In ya dame ki, dawo, akwai abin da za a ba ki, ko a sauya miki wata hanya. Kada ki zauna a gida maƙwabciya ta zama likitarki.

Maigida, kai nake nufi yanzu. Mata da yawa suna son hutun, tsoronka ne ya hana su, wasu har ɓoye kati suke yi a gidan ƙawa. Kai ne za ka biya kuɗin mota in an tura ta babban asibiti da tsakar dare, kai ne za ka nemo mai ba da jini, kai ne za ka sayar da akuya. Cikin da ya zo a kan gajiyar wani ciki ya fi zuwa da ƙarancin jini, da haihuwar bakwaini, da jariri ɗan mitsitsi. Matan da muke gani an aurar da mafi yawansu da wuri, don 'yan mata uku cikin huɗu a Nijar suna aure kafin shekara 18, wadda ta fara haihuwa a sha shida tana da shekaru kusan talatin na haihuwa a gabanta. Gaggawar me ake yi? A jihar Damagaram aka fara makarantar magidanta da tallafin UNFPA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, inda maza ke zama su tattauna lafiyar iyalinsu, kuma ta bazu zuwa wasu jihohi. In akwai a garinku ka shiga. In babu, rako ta asibiti ka ji da kunnenka.

To in cikin ya riga ya shiga fa? Nan ne nake roƙonku da babbar murya: kada a yaye yaron rana ɗaya. Nonon mai ciki ba guba ba ne, ba ya sa zawo. Abin da ke sa zawo shi ne a raba yaro da nono da uwarsa a yini guda, a bar shi da ruwan randa da kwanon da ƙuda ya sauka a kai, ga baƙin ciki ya hana shi ci. Sai a ce ai ga shi nonon ciki ya kama shi, alhali rashin nonon ne ya kayar da shi. Mai lafiyayyen ciki ta ci gaba da shayarwa. Wadda ke zubar jini, ko ciwon mara mai tsanani, ko ta taɓa haihuwa kafin lokaci, ko aka ce tagwaye ne, ita ce za ta nemi shawarar ungozoma tukuna. Nonon kan ragu da kansa a tsakiyar ciki, yaro ya saki a hankali. Hajiya kaka, in kina son taimako, ki zo gidan ki zauna ki dama kunu, kada ki ɗauke jikanki ki tafi da shi.

Uwar ta fara awo da wuri, ta sha ƙwayar ƙarin jini kullum, ta karɓi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro a wurin awo aƙalla sau uku, ta kwana cikin gidan sauro, a ƙara mata abinci don mutum uku take ciyarwa. Yaron kuma:

Wata 6 zuwa 8, abinci sau biyu ko uku a rana, a fara da cokali biyu ko uku har a kai rabin kofi. Wata 9 zuwa 11, sau uku ko huɗu, rabin kofi. Shekara ɗaya zuwa biyu, sau uku ko huɗu, kusan kofi cike, da ɗan abin taɓawa tsakani. Wanda aka riga aka yaye a ƙara masa ci ɗaya ko biyu, da madarar da aka tafasa.

Kunun ya yi kauri, ya tsaya a cokali. A zuba garin wake ko ƙuli-ƙuli, cokalin mai, garin zogale, ƙwai in an samu. Kwanonsa dabam, a zauna a ba shi, a wanke hannu da sabulu.

In zawo ya zo, ƙunshi ɗaya na gishirin zawo a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, kuma kada a daina ba shi abinci.

A auna damtsensa duk wata da zaren awo mai launi uku. Kore lafiya, rawaya a zo cikin satin, ja a zo yau. A danna bayan ƙafafunsa biyu da yatsa a ƙirga uku, in rami ya zauna, ko ya ƙi ci, ko yana amai da duk abin da ya sha, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, a nemi abin hawa a kawo shi ko da dare ne, tare da katinsa da katin awon uwar.